Itacen Bayan Juji

An kwashe itacen Kawu Emile daga bayan juji an kawo shi bakin babban titi, an raba shi gida biyu, kowane kashi an kafa masa allo da tuta. Duka allunan da sunansa a jiki, alhali babu wanda ya nemi izininsa. Tun ranar da aka yi wannan aika-aika ko faskare ɗaya ba a ɗauka ba. Ga shi mun shiga lokacin farautar barewa, ruwa ya fara daskarewa a kwatami da safe, ni kuwa da nake tuƙa motar 'yan makaranta na yi ta wuce ƙofar Iya Eunice Pratt ban ga hayaƙi a saman gidanta ba.

Duk wanda ya haifi yaro a garin nan ya san ni, ni ce Noreen mai bas. Emile Cyr ƙanin mahaifiyata ne. Tun bazara yake gidan kula da tsofaffi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma sai kalma ɗaya-ɗaya, ita ma da ƙyar. Tunda bakinsa ya ƙi, nawa bai ƙi ba. Amma kafin in zo kan Tobin mai shagon kofi da Dale Crocker mai gareji, waɗanda suka yi wannan aiki, sai na gaya muku wane ne mutumin da suke ja-in-ja da sunansa, don kowannensu guntun labari ya tsinta ya ruga da shi.

A gonar dankali aka haife shi, can bakin kogin da ya raba mu da Kanada. Bai gama sakandare ba ya shiga masana'antar takarda, shi da yayansa Armand, kamar yadda kusan kowane namiji a wannan yanki na jihar Maine yake yi a lokacin. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne karatu. In hunturu ya kama, maza suna mashaya ko suna kamun kifi a kan ƙanƙara, shi yana laburare yana kwasar littattafan falsafa da babu wanda ya taɓa aro tun da aka jera su. Ni ban ga laifin wannan ba, har gobe. Matsalar Kawu ita ce ba ya iya karanta littafi ya ajiye, sai ya zama littafin, sannan ya tafi shagon aski ya sanar da duniya.

Matarsa, Inna Lorette, Allah ya ji ƙanta, takan ce, "Ni ban taɓa rabuwa da miji ba, amma duk hunturu da sabon miji nake kwana."

Wata shekara ya ce shi yanzu mabiyin wasu mutanen dā ne da suka koyar cewa mai hankali ba ya kuka da ciwo. Ya faɗa wa kowa. Ba a yi nisa ba haƙori ya kama shi. Kuncinsa ya kumbura kamar an cusa masa dankali, ya ƙi zuwa wajen likita, don ya riga ya yi shela. Inna Lorette ta ajiye masa kwanon miya ta ce, "Malam mai juriya, waɗannan mutanen naka na dā, su ma nishi suke yi su hana matansu barci, ko wannan ƙari ne daga wajenka?" Wata shekarar kuma ya daina cin nama saboda aƙida. Ranar Kirsimeti ana cin kek ɗin nama irin na kakanninmu, shi yana tsakurar kabeji yana yi wa mutane lacca. Washegari Inna ta je rumfar itace ta same shi a tsaye da ragowar kek ɗin a hannu, da sanyinsa, yana ci yana waige.

Waɗannan na dariya ne. Wanda ba na dariya ba a kaina ya fara. Shi aka zaɓa ya zama ubana na baftisma, sai aka yi rashin sa'a a shekarar ya shelanta cewa shi bai yarda da komai ba sai abin da ido ya gani. Ya zo har ƙofar coci da kwat ɗinsa, ya tsaya a waje cikin dusar ƙanƙara, ya ƙi shiga. Kawu Armand ne ya riƙe ni. Mahaifiyata ta ce da aka fito sun tarar da shi idonsa ya yi ja, yana riƙe da 'yan takalman da ya saya mini. Yana so ya shiga, amma ya riga ya gaya wa 'yan shagon aski ko shi mene ne.

Ina 'yar sakandare aka yi babban yajin aiki a masana'anta. A lokacin Kawu Emile ya zama ɗan gurguzu, da jar hula da ƙasidu a aljihu. Ma'aikata suna da gaskiya a abin da suke nema, wannan babu gardama. Sai dai yajin ya yi tsawo. Kawu Armand yana da 'ya'ya cike da gida, matarsa tana jinya, sai ya koma bakin aiki kafin a janye. A cin waken Asabar da ake yi a zauren coci, gaban gari duka, Kawu Emile ya miƙe da cokali a hannu ya ce shi daga yau ba shi da yaya, mai cin amanar ma'aikata ba jininsa ba ne. Kawu Armand ya goge baki ya ce, "To, ɗan gurguzu, in kun ƙwace duniya ku bar mini kujerar nan." Daga nan shi ma ya nemo nasa sunan. Mutumin da bai taɓa damuwa da siyasa ba ya zama mai ra'ayin riƙau na gani-kashe-ni, ya kafa tuta a ƙofar gida don kawai ƙaninsa ya gani in zai wuce.

Ranar da masana'antar ta rufe ba ta tambayi kowa aƙidarsa ba, sallamar su ta yi duka. Su biyun kuwa ba su shirya ba. Gidajensu a layi ɗaya suke, in sun haɗu a gidan waya kowa ya dubi takalminsa. Matar Armand ta rasu, 'ya'yansa suka watse kudu neman aiki, bayansa ya lalace ya daina iya ɗaga gatari. Wani hunturu man ɗumama gidansa ya ƙare. Yana da murhun itace, ba shi da itace. Rumfar Kawu Emile kuwa cike take har rufi.

Inna Lorette ce ta fara lura. Ta ce, "Emile, babu hayaƙi a gidan yayanka."

Ya ce, "Ya je kamfani su ɗumama shi."

Washegari ta sake faɗa. Shi ma ya gani da idonsa, da bakinsa ya gaya mini daga baya. Ya ce yakan rage gudu a ƙofar gidan, ƙafarsa ta kai kan birki, sai ya tambayi kansa me mutum irinsa zai yi wa wanda ya karya yaji, sai ya wuce. Mai kawo wasiƙu ne ya tarar da Armand a ƙasa cikin bargo, ciwon huhu ya ci ƙarfinsa.

Ina asibitin ranar da Kawu Emile ya shigo. Ya tsaya a bakin gado yana murza hula. Kawu Armand ya buɗe ido ya dube shi, ya ce da 'yar muryar da ta rage masa, "Ƙasida ka kawo mini, ko itace?"

Wasa yake yi, irin na yaya da ƙani. Kawu Emile bai ɗauke shi wasa ba. Armand bai kai bazara ba.

Bayan jana'iza ba mu ƙara ganin jar hular ba, kuma bai maye gurbinta da wata ba. Da ƙasa ta bushe ya shiga daji yana yankan itace, ya wuce abin da gidansa zai ƙona, ya ci gaba. Mutane suka ce baƙin ciki ne, a ƙyale shi. Sai muka ga inda yake kai shi.

Mu nan ba mu da motar kwasar shara. Ranar Asabar kowa ya loda tasa a bayan a-kori-kura, ya rufe da tamfol, ya kai juji. Hanyar jujin tana zagaya tudun yashin da ake watsa wa titi in ƙanƙara ta kama. Bayan wannan tudu ya jera itacensa. Ka shiga da tamfol a rufe, ka fito da tamfol a rufe, ko maƙwabcinka ne a motar baya ba zai iya rantsuwa da kaya ka fito ko wayam ba. Ya roƙi Hollis mai gadin juji ya juya kujerarsa ta dubi titi. Hollis ya juya, haka kuma ta zauna shekara da shekaru.

Ya san mutanensa. Mutumin garin nan ya gwammace ya ƙona ƙyauren ɗakinsa da a gan shi yana karɓar sadaka. Ban ce hali ne mai kyau ba, amma shi ne halinmu, Kawu kuma bai tsaya sai ya gyara mana hali sannan ya ɗumama mu ba. Tsofaffin da ba sa iya ɗauka sai ya je musu da ƙarya. Ya tsaya a ƙofa yana sosa ƙeya ya ce, "Iya, rumfata ta cika, ga wannan zai ruɓe mini a waje. Ki taimake ni in ajiye a barandarki. In kin ga yana tsare miki hanya ki ƙona." Kowa ya san ƙarya ce. Har akwai tsohon da yakan yi masa faɗa wai ya mai da gidansa ma'ajiya, Kawu yana ba da haƙuri yana jerawa. Kullum da safe kuma, kafin ya sha kofi, sai ya zagaya gari a hankali yana duban bututun hayaƙi gida-gida. Daga wajensa na ɗauki wannan ɗabi'a, shi ya sa nake tuƙi ido ɗaya a titi ɗaya a rufin gidaje.

Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai mutane suka fara zuwa ranar yanka. Masu zuwa coci da waɗanda ba sa zuwa, masu tutar wannan jam'iyya a ƙofar gida da masu tutar waccan. Doka ɗaya ce, ita ma babu wanda ya taɓa furta ta. Duk wanda ya fara "mu 'yan kaza" ko "ku 'yan kaza", Kawu ba zai ce masa komai ba. Zai sunkuya ya fizgi igiyar zarton inji, ya bar shi yana ruri har mai maganar ya gaji da motsa baki ba a jin sa. In ya kashe sai ya ce, "Me ka ce? Miƙo mini wancan gungumen."

An sha zuwa masa da suna. Fada, limamin cocinmu, ya taɓa neman a sa aikin ƙarƙashin coci, Kawu ya ce to waɗanda suka yi faɗa da coci su ƙona me? Wani ɗan takara ya zo da mai ɗaukar hoto da sabuwar rigar aiki wadda ko lanƙwasar shago ba ta sake ba. Kawu ya miƙa masa gatari, ya ce wa mai hoton ya jira a mota, don hoto ba ya ɗaukar itace shi kaɗai, sai ya haɗa da motar wanda ya zo ɗiba. Ɗan takarar ya yi faskare na ɗan lokaci, ya tuna yana da taro.

Kada wani ya ɗauka ya daina tunani. Karatu bai bari ba, gardama kuwa sai dai kai ka gaji. A taron gari za ka gan shi yau yana goyon bayan a buɗe asibitin sha-ka-tafi da kuɗin haraji, gobe yana adawa da dokar da za ta hana mutane shiga dajin da kakanninsu suka yi farauta. Kowace magana yakan ɗauke ta ita kaɗai ya juya ta. Yakan kuma canza ra'ayi a gaban jama'a bai ji kunya ba, abin da a dā ko haƙori zai kashe shi ba zai yi ba. In an matsa masa, "To Emile, yanzu kai mene ne?" sai ya ce, "Na yi ritaya." Ni ya taɓa yi wa bayani muna loda mota. Ya ce, "Noreen, littattafan ba su cuce ni ba. Ranar da na buɗe baki na ce ni ɗan kaza ne, daga ranar na daina duba abin da ke gabana, sai in duba abin da ya kamata ɗan kaza ya ce."

Wannan ne kawuna, kuma ina alfahari da shi fiye da duk wani mai mutum-mutumi a dandali. Tun da ya kafa wannan tuli ba a sake ɗaukar kowa a garin nan daga gida mai sanyi zuwa asibiti ba.

Yanzu mu zo kan mutanen kirki guda biyu. Na ce na kirki, ba gatse nake yi ba. Tobin daga birni ya zo, ya buɗe shagon kofi, yana tara matasa suna karatu. Na gan shi yana faskare har tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, bai tsaya ba. Dale ɗan gari ne, ajinmu ɗaya a makaranta, da motocinsa da mansa ake jigila, bai taɓa yi wa kowa gori ba. Tobin ya ji labarin jar hula da yajin aiki, ya ce ai Emile nasu ne. Dale ya ga mutumin da bai taɓa zuwa ƙofar hukuma neman taimako ba, shi ma ya ce ai Emile nasu ne. Muddin Kawu yana tsaye da zarto a hannu, kowa haɗiye tasa yake yi.

Da ciwo ya kwantar da Kawu, aka zauna a kan wa zai riƙe aikin. Tobin ya ce ɓoye itace a bayan juji yana koya wa talaka cewa buƙata abin kunya ce. Ya kamata a fito da shi fili, a ba shi suna, mutane su san wane tsari ne ya jefa su cikin sanyi.

Dale ya ce, "Ku ji 'yan a-raba-daidai. Jiya-jiya ka koyi riƙe gatari, yau za ka mai da itacen tsoho ofishin jam'iyya."

Tobin ya ce, "Gara mu da 'yan kowa-tasa-ta-fisshe-shi. Kai in da hali hayaƙin ma sai ka sa masa mita."

Na ce su bar abin yadda suka same shi. Tobin ya ce, "Anti Noreen, zamani ya canza." Dale ya ce in koma kan sitiyarina. To ga ni a kai, daga nan kuma nake ganin komai.

Mutanen Tobin suka kwashe rabi suka jera kusa da shagonsa, suka kafa jar tuta da allo: Itacen Jama'a na Emile Cyr, Taimakon Juna Maganin Jari-Hujja. Mutanen Dale suka kwashe sauran suka jera a tsallaken titi, da tuta ruwan ɗorawa: Itacen 'Yanci na Emile Cyr, Maƙwabci Ya Isa, Gwamnati Ta Huta. Duka tulin biyu suna kallon tagar gidan mai, inda tsofaffin maza suke wuni da kofi babu motar da za ta wuce ba su san mai ita ba. Sannan suka yi abin da sai 'yan garin masu katako za su yi. Yadda ake ɗiga wa gungume fenti a daji don a san na wane ne, haka suka bi kan kowane faskare da fenti, waɗannan ja, waɗancan ruwan ɗorawa, wai kada a haɗa musu kaya. Yanzu ko a ɓoye ka ɗauka, ranar da ka jera a barandarka duk mai wucewa ya san ɓangaren da ka shiga.

Wa zai ɗauka? Matar da take share shagon Tobin ba za ta taɓa ruwan ɗorawa ba, ja kuma mijinta ba zai bari ya shigo gida ba. Tsohon sojan da ke bayan makaranta ya ce mini shi sanyi yake ji, ba katin jam'iyya yake nema ba.

Iya Eunice ta haura tamanin. Ita ta dafa mana abincin rana a makaranta, ni da Dale duk mun ci daga ludayinta. 'Yarta Gail tana cikin masu karatu a shagon Tobin. Ɗanta Warren yana aiki a garejin Dale. Tun zaɓen da ya wuce ba sa gaisawa. Da na ga hayaƙi ya ɗauke, na sauke yara na dawo na ƙwanƙwasa mata. Na same ta a ɗakin girki da kwat da safar hannu, ta jawo kujera gaban 'yar na'urar lantarki wadda ko kyanwa ba za ta ɗumama ba.

Na ce, "Iya, 'ya'ya biyu gare ki a garin nan, kowanne da mota."

Ta ce, "Sun kawo. Gail ta kawo ja, Warren ya kawo ruwan ɗorawa. Na ce kowa ya mayar, ina da lantarki."

"Ki karɓi duka mana."

"Na gwada. Gail ta ce in na jera nasa kusa da nata za ta kwashe nata. Shi ma haka ya ce, kamar sun haɗa baki." Ta gyara gyalen wuyanta. "Noreen, ina zauren ranar da Emile ya miƙe da cokali, ni na dafa waken. Ba zan zaɓi ɗaya cikin 'ya'yana a kan itace ba. Da rana ina laburare, akwai ɗumi. Kada ki gaya musu."

Ga shi na gaya musu, Iya, ki yi haƙuri.

Da yamma na loda daga rumfata na kai mata. Na tsaya a ƙofa na sosa ƙeya na ce rumfata ta cika. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ko ƙaryar ma ba ki iya ta kamar kawunki ba. Jera can, kada ki tsare mini hanya." Abin da na kai zai kai ta Kirsimeti in ta yi tattali. Rumfata ƙarama ce, gidajen da nake gani babu hayaƙi kuwa ba nata kaɗai ba ne.

Na sami Tobin da Dale na ce tunda kowa ya ce Emile nasa ne, su zo su tambaye shi. Ranar Lahadi muka je. Yana kan keken guragu a bakin taga, an yi masa aski, hannun dama a kan cinya kamar na aro. Da ya gan su fuskarsa ta saki, don yana son su, su duka biyun.

Tobin ya durƙusa ya fara bayani a hankali, da ladabi, kan 'yan ƙwadago da tarihin gwagwarmaya. Dale ya katse shi da nasa, haraji da 'yanci da mutum da guminsa. Murya ta fara tashi har wata ma'aikaciya ta leƙo. Kawu yana dubansu, ya dubi wannan ya dubi wancan. Sai ya karkata gefe, ya miƙa hannun hagu ƙasa kamar ya kama wani abu, ya fizgo sama. Ya sake fizgowa. Sannan ya haɗa leɓensa, rabi yana aiki rabi ba ya yi, ya fara rurin zarto. Yawu yana zuba a rigarsa bai damu ba. Ya yi ta yi har suka yi tsit.

Ni dariya ta kama ni, hawaye kuma suna zuba. Ya kashe injinsa, ya huta, ya tattara ƙarfinsa ya ce, "Armand."

Tobin ya juyo ya tambaye ni wane ne Armand. Dale ya sani, mahaifinsa yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar. Ya sunkuyar da kai yana duban hularsa. Na ce a raina magana ta ƙare. A wajen ajiye motoci na ba Tobin labarin tun daga cin wake har asibiti, ya saurara, idonsa ya kawo ruwa. Sai ya ce shi a shirye yake ya cire allonsa, in Dale ya fara cire nasa. Dale ya ce ai wanda ya fara kafawa shi zai fara cirewa. Kowa ya ce mutanensa za su ce ya sayar da su. Suka shiga motocinsu. Allunan suna nan har yau, da safen nan na wuce su, raɓa ta daskare a kan itacen.

Ban hana kowa aƙidarsa ba. Tobin, ka ci gaba da tara matasa kuna karatu, kawuna ma da yana da lafiya zai zo ya dame ku da gardama. Dale, ka tsani haraji har ƙarshen ranka. Ku kafa tutoci a ƙofar gidajenku har su rufe muku taga, babu ruwana. Amma itacen nan ba don ku aka yanka shi ba.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma kafin Asabar. Ku tumɓuke allunan nan lokaci guda. In tsoron wa zai fara ne ya hana ku, zan tsayar da bas a tsakiyar titi in danna muku hon, kowa ya ja nasa. Ku cire sunan kawuna daga kansu, bai mutu ba balle ku raba gadonsa. Ku mayar da itacen bayan tudun yashi, ku cakuɗa shi, ja da ruwan ɗorawa, yadda duk wanda ya loda sai ya kwashi duka biyun. Hollis ya ce in gaya muku kujerarsa tana nan tana kallon titi. Ku kuma, Gail da Warren, ku za ku ɗauki lodin farko, a mota ɗaya, ku kai wa uwarku, ku tsaya a ƙofa ku ce mata rumfa ta cika. Ranar Litinin da safe zan biyo da bas, ina so in ga hayaƙi a kowane rufi.